Ɗan Gidan Tattabaru

A ajin da muke karatun yaƙi da jahilci bayan la'asar, wasu tattabaru sun yi sheƙa a cikin silin. Ajin 'yan firamare ne muke aro, silin ɗin ya ɓurme ta gefe guda. Duk sanda namijin ya fara wannan gurnanin nasa, sai fensirina ya tsaya. Abokan karatuna suna zaton wani harafi ne ya gagare ni. Ba su san gidanmu ne yake dawo mini ba, can ƙauyenmu tsakanin Gaya da Ajingi, da wata damina da na yi ina tafiya kai a sunkuye.

Baba mai kiwon tattabaru ne. Ya gina musu ɗakin ƙasa a bayan rumbu, ya kafa tsofaffin tukwane a jikin bango, kowace tukunya miji da mata. Tun ina ƙarami nake zama a bakin ɗakin ina kallonsu. Namiji zai kumbura wuya, ya baza jela tana share ƙasa, yana juyi yana sunkuyawa a gaban mace, ita kuwa tana tsince-tsincenta kamar ba da ita ake ba. In ta yarda da shi, sai ta sa bakinta cikin nasa. In ba ta yarda ba, ko da Baba ya kife su a kwando ɗaya don su saba, sai a buɗe a tarar kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Kakata, mahaifiyar Baba, idonta ya yi rauni amma kunnenta ras yake. Ita ta nuna mini abin da ban lura da shi ba.

"Maigidana, in za ka aure ni kada ka zama zakara," in ji ta. "Dubi wancan ja'irin, ya bi wannan kaza ya bi waccan, ko 'yan tsakinsa bai sani ba. Leƙa tukunya ka gaya mini wa ke kan ƙwai."

Na leƙa, na ce namijin ne. Ta ce haka suke. Da hantsi yakan karɓe ta, ita ta fita ta ci ta sha, sai yamma ta dawo. In an ƙyanƙyashe kuma, su biyun suke amayo wa 'yan shila abinci a baki. Abin ya ba ni dariya a lokacin.

Dariyar ta ƙare a shekarar da Inna ta haifi ƙanwata. Ciwo ya kwantar da ita tun kafin arba'in, ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta, nono ya ƙafe. Ƙanwarta ta zo daga Kademi ta zauna da mu, amma da ruwa ya sauka mijinta ya aiko ta koma. Gida ya rage daga tsohuwar da ba ta gani sosai sai ni da Baba.

Sai Baba ya ɗauki zanen Inna ya goya jaririyar. Da goyon yake tatsar akuya, ya dafa madarar ya ɗura mata da ƙaramin cokali. Da goyon yake surfe, ana jin ƙarar taɓaryarsa har hanya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, bai taɓa janyo ƙyauren zaure ba. Duk mai wucewa zai hango shi, ƙato mai gemu, zanen atamfa ɗaure a ƙirji.

Yara suka sa mini suna ɗan tattabara. In na je rijiya sai su kumbura wuya suna zagaya ni suna gurnani. Manya ma ba su bar mu ba. Na taɓa ji wani a dandali yana cewa, "Yau wa ke kan ƙwai a gidan, maigidan ne ko uwargidan?" aka fashe da dariya. Na daina bin Baba masallaci, sai in jira ya yi nisa. Wata rana ma na gan shi yana tauna gero yana ba wani ɗan shila maraya baki da baki, a ƙofar gida, gaban jama'a. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ana cikin haka shaho ya fauce wata farar mace. Mijinta ya ƙi ci, yana tsaye a bakin tukunya yana kira. Bayan ɗan lokaci kuwa sai muka gan shi yana baza jela a gaban wata.

A ranar ne Baffa, yayan Baba, ya zo. Ya zauna a zaure, ya ce surutu ya yi yawa, an zubar da mutuncin gidan. A mayar da Inna wurin iyayenta su yi jinya, Baba kuma a nema masa wata kafin kaka. Ina tsugune a bayan zana ina ji, kuma ina fata Baba ya ce to. Ba don ba na son Inna ba. Na dai gaji da gurnanin yara.

Baba ya ci gaba da jijjiga goyonsa. Baffa ya nuna ɗakin tattabarun da baki.

"To, malamin tsuntsaye, kai da kake koyi da su. Ga shi can, wanda ya rasa tasa. Ai ko shi ya sake."

Baba ya ɗago kai. "Gaskiya ne, Yaya. Amma tasa shaho ne ya ɗauke. Tawa tana ɗaki tana numfashi."

Kaka ta yi tari daga inda take, irin tarin da ba na mura ba. Baffa ya shuri takalmansa ya fita. Ba a sake tayar da maganar ba.

Inna ta miƙe bayan an yi girbi, da sanda, kuma da sandar ta ƙarasa rayuwarta. Shekaru da yawa bayan rasuwar Baba, na ji ta a tsakar gida tana ba matata labari, ba ta san ina kusa ba. Ta ce tana budurwa manema sun yi mata yawa, har da mai sabon keke da ƙamshin turare. Shi kuwa Baba, in ya zo zance ko magana ba ya iyawa. Ranar wata kasuwar Ajingi ta hango shi a gindin bishiya, yana tauna gero yana ba ɗan shila a baki.

"Daga nan na gama shawara," in ji ta. "Na ce wannan ko me ya same ni ba zai bar ni da yunwa ba."

Wato abin da na fi jin kunyarsa, shi ta gani ta zaɓa.

Yanzu ɗakin tattabarun ya rushe, an ja bulo a wurin. Samarinmu a waya suke zance, su tura hoton da suka fi kyau a ciki, kuma ban ga laifinsu ba, kowane namiji da irin baza jelarsa. Sai dai ban san a ina yarinya za ta hango mutum bai san ana kallonsa ba.

Bara aka yi wa matata aiki a asibiti, ta daɗe a kwance. Na yi wanke-wanke, na dama kunu, na yi wa autarmu wanka. Da na ɗauko zane zan goya ta, sai da na fara zuwa na tura ƙofar gida, na sa sakata. Ina tsaye a wurin, hannuna a kan sakatar, furfura a gemuna, na tuna zauren Baba a buɗe.