Gidan Zanzaro a Bindigar Wendell

Shekara arba'in da ɗaya Wendell Tackett ya yi yana kafa shingen waya a yammacin jihar Oklahoma. Duk turke uku da ke bakin titin garinsu, biyu shi ya kafa su. Amma ba da shinge aka san shi ba, da bakinsa a kan bindiga aka san shi.

Kullum ƙarfe shida na safe yana teburin lungu a shagon abincin Lavonne: ƙwai biyu, kofi biyu, gardama ɗaya. A wurinsa bindiga guda ce a duniya, doguwar nan mai liba, wadda ake jan ƙarfen ƙasanta harsashi ya hau, mai cin harsashin bindigar hannu. Harsashi iri ɗaya a aljihu ya ishi bindiga biyu, ba ta dukan kafaɗa, kuma cikinta na ɗaukar goma. Abokin gardamarsa shi ne Orval Pruitt, manomin alkama mai bindigar da aka ɗora wa madubin hangen nesa.

"Abin wasan yara," Orval kan ce. "In aladen daji ya wuce taku ɗari, sai dai ka jefe shi da ita."

"Wanda ya iya farauta ba ya harbi daga wata jihar, tsoho."

"Samari," in ji Lavonne, "shekarunku in an haɗa sun haura ɗari da talatin. Ku ci ƙwanku."

Abin da teburin bai sani ba, bindigar ta mahaifinsa ce, ra'ayin ma nasa ne. Ranar da aka binne tsohon, Wendell ya naɗe ta a bargo ya ɗora saman rumbu, don ba ya iya kallonta. Mako guda bayan haka aka tayar da zancen bindigogi, ya maimaita maganar mahaifinsa, aka gyaɗa kai, ya ji daɗi. Daga nan ya shiga ba da labaran farautar tsohon, inda duk aka ce "Baba" ya sa "ni". Shekara ashirin da uku ke nan, bai taɓa jan kunamarta ba.

A watan Maris aladun daji suka tone wa Orval eka goma sha ɗaya.

"Asabar da safe," ya ce. "Ka zo da amaryar taka. Ba kai ne ka kayar da biyu da ita makon jiya ba?"

Wendell ya sauko da ita ranar Juma'a, ya goge ƙotar da ƙarfen da mai har suna ƙyalli. Cikin bututun ne kawai bai leƙa ba.

Su huɗu suka haɗu a bakin gonar: Wendell, Orval da wasu maƙwabta biyu. Orval ya karɓe ta, ya ja libar kamar yadda kowa ke yi kafin a zuba harsashi, ya ɗaga ta sama ya leƙa. Ya sake leƙawa.

"Ba haske," ya ce.

Ya zaro guntun waya daga bayan motar Wendell ya zura. Busasshiyar laka ta zubo a tafinsa, da matattun gizo-gizo guda biyar. Gidan zanzaro ne. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san zanzaro ba ya gini da sanyi. Lakar nan ta kwana aƙalla wata shida, kuma bindigar da ta yi harbi makon jiya ba ta riƙe laka.

Ba wanda ya yi dariya. Wendell ya kalli takalmansa, ya gane cewa da ya harba ta a haka, da bututun ya fashe kusa da kan Orval.

Orval ya kakkaɓe hannunsa a wando. "Wata ka ɗauko, ko? Ka bar ta gasken a gida."

Ƙofar fita ce ya buɗe masa, Wendell ya gan ta sarai.

"Ita ce," ya ce. "Ita kaɗai ce. Aladun ma na Baba ne."

Kwana tara kujerarsa a shagon Lavonne na nan ba kowa. A cikinsu ya wanke bututun sau huɗu, ya jera gwangwani goma a kan shingen da ya kafa da hannunsa, ya auna taku hamsin. A rana ta goma ya shigo shida saura biyar, ya zauna bai cire hula ba.

"Uku cikin goma," ya ce, idonsa a kan kofi. "Taku hamsin."

"Na faɗa maka," in ji Orval. "Abin wasan yara ce."

"Bindigar ba ta da laifi. Baba tara yake samu."

"Kai ka gani, ko shi ma labari ne?"

"Ni nake jera masa gwangwanin."

Orval ya daɗe yana juya cokali. "Asabar ka zo gonata da gwangwani ashirin. Goma naka, goma nawa. In ka kai biyar, sai mu koma gardama."

Lavonne ta ajiye masa ƙwai biyu. Ɗaya kawai ya iya ci.