Ƙarfen da Ya Karye a Madadinsa

A ma'aikatar gyaran jiragen soja, Mai Tagwaye suke kiran babana, alhali ni kaɗai ya haifa. Sunan ya samo asali ne daga aikinsa. Jiragen nan sun girme ni, kamfanin da ya ƙera injinansu ma ya daɗe da rufewa. In wani ƙarfe ya cinye, babu inda za a sayo sabo, sai injiniyoyi su auna su zana, Baba ya sassaƙa a injinsa. Kuma bai taɓa yin guda ɗaya ba. Biyu yake yi daga ƙarfe ɗaya, ya ɗora ɗayan a na'urar gwaji, a yi ta gana masa azaba har ya karye. In ya jure fiye da abin da sama za ta nema, sannan ɗan'uwansa ya shiga jirgi.

Mutum ne mai taurin kai, wallahi ko kujerar gida ya gyara sai ya yi tsalle a kanta. Inna takan ce da ita ma biyu ce, da tuni ya karya ɗaya.

Wata shekara giyar famfon mai ta cinye a jirage biyu, ƙarfen da ya dace kuwa na giya biyu kacal ya rage. Ogansu ya ce ga jirage biyu ga giya biyu, a hutar da na'urar gwaji mana. Baba ya ce sam, rigakafi ya fi magani, gara jirgi ɗaya ya jira wani ƙarfen. Ogan ya yi faɗansa ya gaji, ya sa hannu.

Matuƙin da zai fara tashi da jirgin kuwa maigidana ne, ga ni da tsohon ciki. Tsoro ya hana ni cin abinci. Baba ko a jikinsa, giyar gwajin ta jure har ta wuce misali kafin ta tsage.

Ranar tashin ya zo gidana da kansa, abin da bai saba ba. Muna jin rugugin jirgin a sama ya ciro tsagaggiyar giyar daga aljihu, ya danƙa mini.

"Riƙe, uwata," in ji shi. "Wannan ta riga ta karye a madadin mijinki. Tashi ki ɗora masa abincin rana."