Idon da Mode Ya Rufe

Mode bai tashi da gyaran kwamfuta ba. Shekara goma sha takwas ya yi yana bin fadamun Goronyo da sifana a aljihu, yana tayar da injunan ban-ruwa waɗanda masu su sun riga sun yi musu ta'aziyya. Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya dawo Wurno, ya kafa rumfa a bakin kasuwa, ya koma kan waya da kwamfuta. A wurinsa duk aiki ɗaya ne: in ruwa bai fito ba, a fara daga gulbi a bi tiyo har baki.

Wata Litinin da hantsi Janet, ma'aikaciyar asibiti a Maikujera ta ƙasar Rabah, ta sauko daga kabu-kabu rungume da kwamfuta. Ƙarfe goma sha biyu za a yi mata tambayoyin shiga karatun ungozoma ta kwamfuta, kuma masu tambayar sun ce wanda ba su ga fuskarsa ba za su tsallake shi sai baɗi.

"Baba Mode, ga kyamara ina kallonta, amma kwamfutar ta rantse ba ta san ta ba."

"Haka dangi ka yi," in ji Mode.

Ya danna maɓallin da ke kunna idon. Shiru. Ya buɗe jerin kayan da kwamfutar ta yarda nata ne, ga lasifika, ga batir, ba kyamara. Ya sake ɗora mata manhajarta, ya kashe ya kunna. Har gilashin ya goge da bakin riga, don ladabi kawai. Da ya kife ta zai kwance, sai ya ga ɗigon jan fenti kusa da noti, irin wanda yake sa wa duk abin da ya taɓa buɗewa.

"Ɗiyata, wa as saida maki ita?"

"Malam Yari, sakataren manoman shinkafa."

Mode ya daɗe yana neman sukudireban da ke hannunsa.

Shekara biyu ke nan da aka mayar da taron rabon ruwa cikin kwamfuta, aka kuma sa shi bayan azahar, lokacin da tuwo ya gama zama. Ba wanda ya ce Yari barci yake yi. An dai ce wata rana mahalarta sun ƙare wa dasashinsa kallo a tsanake. Washegari Yari ya zo ta bayan rumfa ya roƙi a hutar da idon nan. Mode ya hutar da shi. Wasu manya ma sun biyo baya, amma wannan ba a faɗinsa.

Ya sa tsohon kati ya ɓamɓare bakin allon a hankali. Ga 'yar wayar nan siririya kamar saiwar albasa, a zare, an naɗe kanta.

"Me ya same ta, Baba?"

"Hanyar Rabah ta. Gargada ka zare waya."

"Gargadar ce ta naɗe ta da salatif tsaf haka?"

"Tamu gargadar akwai natsuwa."

Ya mayar da wayar gurbinta, ya kunna. Abin da kwamfutar ta fara gani bayan shekara biyu, ƙofofin hancin Mode ne. Janet ta yi dariya, sannan ta dubi agogo, dariyar ta tsaya. Saura minti bakwai, ba inda za ta kai.

Mode ya zaunar da ita a bencinsa. Bayanta tarin matattun rediyo ne da wata akuya da ba a gayyata ba. Ya leƙa wurin maƙwabciyarsa Sabuwa mai atamfa.

"Ara mani turmi guda, wanda ba ya da surutu."

"Mi za ka yi da shi, tsoho? Amarya ka samu?"

"Ohis ni ka ginawa."

Ya ware atamfar, ya tsaya bayan Janet ya ɗaga hannu biyu, ya zama bango. Aka fara. Tana amsawa, gwiwa tana cinsa. Tari ya taso masa ya haɗiye. Mai kifi ya zo zai yi talla, Mode ya leƙo da ido ɗaya, mutumin ya wuce da kifinsa.

Can ya ji wata murya daga cikin kwamfutar tana cewa ta zo Sakkwato farkon wata da takardunta. Janet ta yi godiya har sau uku, ta rufe allon, ta sa fuska cikin tafin hannu.

Daga bayan atamfa Mode ya ce, "Ɗiyata, in kukan na da tsawo, ki bari in sauke hannu tukuna."