Ranar da Muryar Kaka Tumba Ta Shiga Kasuwa

Ɗakin Kaka Tumba yana bayan gidan Kawu Isa, katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidanmu a Illela. Ita ta haifi mahaifiyata. 'Yar ƙauyen Araba ce, can ta yi aure, can mijinta ya rasu, sannan Kawu ya ɗauko ta ya dawo da ita gari tana mita, wai ruwan Illela ba ya kashe ƙishi. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, sai mu tsallaka, jikoki da 'ya'yan maƙwabta, mu tarar ta hura wutar kara a cikin wani tsohon kasko a tsakar ɗaki. Hayaƙi ya yi ta sa mu hawaye, amma ba mai fita. Takan tura dankali cikin toka, kuma ba a taɓa shi sai tatsuniya ta ƙare. Wanda ya yi gyangyaɗi, rabonsa ya zama na wanda ke kusa da shi.

Ni ne babban jikanta namiji, don haka ni ne maigida. Ba ta taɓa kirana Nasiru ba. Da na ɗaga labule sai ta ce, "Ga maigidana nan ya zo hannu rabbana, ko goro guda babu. Wanga aure dai na gaji da shi." Ni kuma in ce ai na sake ta tun jiya, wa zai zauna da tsohuwa mai haƙori uku. Ta ce sakin bai yi ba, tunda da dankalinta a bakina na yi shi. Haka muke kullum kafin ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tahe, ƙahwa guda gare ta." Mu amsa baki ɗaya, "Ta zamna mu ji ta."

Wadda muka fi so ita ce ta kurciya da mai jakai. Wani falke ne ya taso daga arewa da jakai bakwai ɗauke da gishiri, ya ɓace hanya. Kwana uku ba ruwa. Ya iso bakin wata rijiya, ya leƙa, ba komai sai ƙasa busasshiya. Ya zauna yana jiran ajali. Can sai kurciya ta sauko bakin rijiyar, ta dube shi, ta dubi jakai, ta fara waƙa. A nan Kaka takan lumshe ido, muryarta ta yi ƙasa, ta zama siririya:

"Ruwa, ruwa, taso ka gani,
baƙo na jin ƙishi, jakai na jin ƙishi,
taso, ba don ni ba."

Mu kuma mu amsa, "Taso!" Duk amshi ɗaya, ruwa ya ɗaga kamu ɗaya. In amshinmu ya yi sanyi sai ta ce ruwa ya koma, mu sake. Da haka har rijiya ta cika, falke ya sha, jakai suka sha. Da ƙarfinsa ya dawo sai ya yi tunani: garinsu akwai matattun rijiyoyi da yawa. Ya cafke kurciya, ya jefa ta cikin kwando, ya tafi da ita. Ranar farko ta yi waƙa a tsakiyar gari, ruwa ya taso, mutane suka ba shi hatsi da tufafi. Rana ta biyu ta yi, ruwa ya taso rabi. Rana ta uku ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya buɗe kwando ya sake ta. Ta hau reshe ta zauna, kuma tun daga ranar kurciya ba ta ƙara waƙa ba, sai wannan gunaguni da muke ji da rana.

Kaka ba ta sallamar mu sai ta yi tambaya. "To, mi yaɓ ɓata ma kurciya rai?" Mu ce kwando. Ta girgiza kai. Mu ce kwaɗayin falke. Ta ce, "Kwaɗayi kowa na da shi, ku ma ga idonku nan bisa dankali. Bai tambaye ta ba. Da ya tambaye ta, wa ya sani, ƙila ta bi shi da hwuka-hwukinta." Mu dai mu ce to, don a tono dankali.

Abu ɗaya ne ke yanke waƙar a tsakiya: sallamar mahaifina. Yana kai kaya Konni ta Nijar a babur, wani lokaci sai bayan isha'i yake dawowa, ya tsaya a zauren Kawu ya gaisa. Da Kaka ta ji muryarsa sai ta haɗiye waƙar, ta ja mayafi ta rufe kai, ko da kuwa ruwa saura kamu ɗaya ya cika. Surukinta ne. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kiran sunansa, balle ya ji ta tana rera waƙa kamar yarinya a dandali. Shi ma daga zaure yake durƙusawa ya gaishe ta, bai taɓa ɗaga labulen ɗakinta ba. Mu yara haushi kawai muke ji, mu yi ta addu'a Baba ya yi sauri ya wuce.

Na girma, na yi karatu a Sakkwato, na zauna can, na yi aure, aka haifa mini Hafsa. Tana shekara huɗu na lura ba abin da take kallo a waya sai zane-zanen wasu ƙasashe, tana kwaikwayon waƙoƙin da ba ta san ma'anarsu ba. Abin ya dame ni. Da na je gida sai na roƙi Kaka ta yi mini tatsuniyar kurciya in ɗauka a waya. Ta daɗe tana kallon wayar.

"Wa za shi ji?"

"Hafsa kaɗai, Kaka."

"Hafsa kaɗai?"

"Ita kaɗai."

Sai ta ce in rufe ƙofa. Ta yi ta tun daga farko har ƙarshe, da tarinta da dariyarta, ni kaɗai ina amsa "Taso" da ƙatuwar murya. Allah ya sani, a ranar gaskiya na faɗa mata.

A lokacin ni da abokina Sanusi muna fama da wata sana'a. Shi ya iya haɗa manhaja, ni na iya surutu da shiga ofis. Mun ga kwamfutar hannu ta yara ta fara yawa, kusan duk mai ɗan hali yana saya wa ɗansa, makarantun kuɗi na rainon yara suna sa ta cikin abin da suke tallata kansu da shi, amma abin da ke ciki ba na Hausa ba ne. Muka ce ga kasuwa a buɗe: manhajar da yaro zai taɓa ta amsa masa, ya koyi ƙirga da haruffa da harshen da ake yi masa magana a gida, kuma ta yi aiki ko ba data. Muka ɗauko wata mai karanta labarai, mai murya tas, ta karanta mana. Muka gwada a kan 'ya'yan Sanusi. Ko minti biyu ba su yi ba suka ajiye suka tafi wasan ƙasa.

Wata rana Sanusi ya zo gidana ya tarar da Hafsa ta manna kunne a waya tana ihun "Taso!" Ya tsaya ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Nasiru, muna ta neman abu a nesa, ashe yana aljihunka." Na ce ai na yi alkawari. Ya ce to in je in tambaye ta mana, Illela ba nisa. Na ce zan je. Ban je ba. Na gaya wa kaina hanya ba ta da kyau, na gaya wa kaina gwaji ne kawai, na gaya wa kaina tsohuwa da ba ta fita ko ƙofar gida ina za ta ji. Har na ce ai taimakon yara ne, lada ma za ta samu. Mutum in yana son abu, ba ya rasa malamin da zai ba shi fatawa a cikin kansa.

Sanusi ya yi aiki mai kyau, ba zan rage masa ba. Yaro zai ƙirga jakai bakwai da yatsa, ya ja gishiri ya ɗora musu, in Kaka ta rera sai ya taɓa rijiya, ruwa ya ɗaga. Makarantu suka karɓa. Iyaye suka riƙa kirana suna neman ƙari. Masu shagunan waya suka ce mu sa musu ita a cikin kwamfutocin kafin su sayar, don da ita kayan suka fi tafiya. Daga Sakkwato ta bi hanyar da duk kaya ke bi, ta isa Illela, ta tsallaka Konni, tunda Hausar ɗaya ce. Na sayi mota. Na kai wa Kaka atamfa da buhun shinkafa, ta ce yau dai maigida ya tuna yana da mata. Na yi dariya, amma ban iya haɗa ido da ita ba.

Ranar wata kasuwa Baba yana zaune a shagon wani abokinsa, sai mai shagon waya na kusa da su ya haɗa kwamfutar da lasifika don ya jawo masu saye. Muryar ta cika layin. Baba bai san waƙar ba, amma ya san muryar da ke amsa masa gaisuwa daga bayan labule shekara da shekaru. Aka ce ya tashi tsam, ya bar shayinsa, ya fita daga kasuwar. Kafin la'asar wata maƙwabciya ta shiga wurin Kaka tana dariya, ba da mugun nufi ba: "Tumba, ashe zabiya kinka zama ba mu sani ba? Har Konni ana jin ki. Surukinki ma ya ji, a tsakiyar kasuwa."

Baba ya kira ni a waya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Nasiru, da wane ido kake so in gaishe ta gobe?" Ya kashe.

Washegari na kama hanya. Na same ta a bakin ƙofa tana jan carbi. Na durƙusa, na fara jero bayanin da na shirya a mota: yaran da ke koyon ƙirga, makarantu, cewa za mu cire, cewa za a ba ta rabonta. Ta bar ni har na gama.

"Sannu da hanya, Malam Nasiru," ta ce. "Ya iyali?"

Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na ce, "Kaka, ki zage ni mana." Ta ce, "Subhanallahi. Mi ka yi min? Abin da anka ba ka, naka na." Ta kira matar Kawu ta ce a kawo wa baƙo ruwa.

Mun cire muryar a sabon zubi, muka sa wata ta rera. Amma abin da ya riga ya shiga kwamfutocin mutane ya shiga, masu shago suna tura wa juna, ba mai iya kamo shi. Sana'ar kuwa ba ta mutu ba, sai ma ci gaba, kuma har yau da ita nake ciyar da gidana. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyi. Da ta rushe, da na ce na biya.

Shekaru na yi ina ɗauka tatsuniyar kurciya a kan mugun mutum take. Yanzu na ga falken ba lalle mugu ba ne. Garinsu da gaske ana ƙishi, ruwan da ya taso ruwa ne na gaske, mutane sun sha. Dalilansa masu kyau ne, kamar nawa. Abin da na gane a kaina, wanda Kaka ba ta faɗa mana ba, shi ne me ya hana shi tambaya. Ba mantuwa ba ce. Tsoro yake ta ce a'a, kuma ya san tana da ikon faɗa. Ƙila da na je na zauna na yi mata bayani, ta ba ni labarin ta hana ni waƙar. Ƙila ta koya wa wata. Ƙila ta kore ni da carbi, mu yi dariya. Ban bar ta ta zaɓa ba, kuma ni na san haka tun ranar da Sanusi ya ce Illela ba nisa.

Tana nan da ranta. Ina zuwa duk ƙarshen wata, ta karɓe ni da mutunci, mu yi zancen damina da tsadar albasa. Matar Kawu ta ce yara sun yi ta zuwa da sanyin bara, tana ba su dankali tana sallamar su. Wannan sanyin na tafi da Hafsa, ina tunanin ita ba za a iya yi mata rowa ba. Bayan isha'i Hafsa ta shiga ɗakin ta haye cinyar Kaka, ni na tsaya a waje inda ba a ganina.

"Kaka, ki yi min ta kurciya."

Sai na ji Kaka ta ce, a hankali, ba ko ɗigon fushi a muryar:

"Tahi ki tambayi ubanki, ɗiyata. Tana gare shi. Ni ba ni da ita yanzu."