Azumin da Na Ɗora wa Kaina Saboda Karatu

Babu abin da ya kusa raba ni da karatu sai bakina. Kada a ɗora wa maigida ko aikin gida. Ni ce.

Gab da samun mulkin kai aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu a Tambuwal, ina da 'ya'ya fuɗu. Na ja maƙwabciyata muka shiga tare. Ranar farko na ce, "Wallahi ba zan taɓa fashi ba."

Mako na biyu ƙanwata ta haihu a Kebbe, na tafi suna. Rantsuwa ta karye. Ba mu da abin ciyar da mabuƙata goma, sai na ɗauki kaffarar azumin kwana uku, na kuma sake rantsewa. Bayan azahar ake shiga aji. Ga daka, ga jan ruwa, ga ciki wayam. Rana ta biyu barci ya kwashe ni a gindin turmi, na farka la'asar sakaliya. Wata kaffarar ke nan.

Haka na yi wata biyu, ina zagin kaina raguwa. Wanda ke zagin kansa kuwa ba ya barin na kusa. Ranar da maƙwabciyata ta yi fashi don ɗanta na zawo, a gaban mata na kira ta da sunan da nake kiran kaina. Ba ta sake zuwa ba. Ta rasu ba ta iya rubuta sunanta ba, kuma wannan yana wuyana har yau.

Ni ma kunya ta zaunar da ni gida. Sai ga malamarmu, yarinya ce da na girme nesa, ta yi sallama.

"Yaya, mi ya hana ki zuwa?"

Na zayyana mata komai. Ta riƙe baki.

"Wa ya ce ki rantse? Halan ni alƙali ce? In kin yi fashi, ki zo gobe. Wanga azumi naki bai koya miki ko harafi ɗaya ba, sai rama."

Na so in yi mata tsawa, sai dai na tashi na raka ta bakin ƙofa.

Da gari ya waye na sha kununa har na ƙoshi. Na sauko da allo daga kan rumbu, na share ƙasar da ke kai, na rubuta layi ɗaya a karkace. Ban goge ba, ban kuma ce wallahi ba.