Kiran da Dutse Yake Maidowa

A Rurum Tsohon Gari na taso, shekarun da aka dawo mulkin farar hula, rediyo ba ta da zance sai siyasa da Shari'a. Da mun idar da isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu, Iya Tabawa, tana gasa mana gyaɗa. Ni take kira Maigida, kuma ni ne mai takura mata da tambaya.

Akwai tatsuniyarta ɗaya da har yau take ba ni haushi. Wai wata mata ce ɗanta ya faɗa rijiya, mijinta kuwa yana noma a bayan dutse. Ta ƙwala masa kira, dutse ya maido mata da muryarta. Ta ƙara ƙarfi, ya maido da ƙarfi. Har muryarta ta dushe. Sai wata Bafulatana mai tallar nono ta nuna mata wani tsagi a jikin dutsen, murɗaɗɗe kamar dodon-koɗi. Ta kafa baki ta yi magana a hankali. Muryar ta ratsa gaba ɗaya, ko kaɗan bai dawo ba. Miji ya ji, ya sheƙo da igiya, aka ciro yaro da rai.

Na ce, "Iya, me ya sa murɗaɗɗe?"

Ta ce, "Maigida, tatsuniya ake yi, ba alƙalanci ba. Ci gyaɗarka."

Na yi fushi, na ƙi ci.

Yanzu ina digiri na uku a Kano, kuma aikina ke nan: in ƙera allo wanda igiyoyin rediyo, irin masu ɗaukar maganar waya, za su ratsa ba tare da sun dawo ba. Ƙananan wayoyin tagulla nake murɗawa, duk su juya dama, in jera a cikin roba. Wata bakwai ina yi. Kullum na'urar awo sai ta nuna wani kaso na igiyoyin ya dawo. Makon jiya haushi ya sa na ƙara wuta, na ƙone na'urar sashenmu, wadda ita kaɗai gare mu.

Farfesa ya dube ni ya ce, "Malam Sabi'u, ƙarfi kake gwadawa ko ilimi?"

A lokacin na gane ni ne matar nan, ina ta ihu a gindin dutse. Iya ta rasu tun ina sakandare. Da tana nan da na je Rurum na ba ta haƙuri, sannan in sake tambayarta.