Tarin Ƙasar da Aka Hana Mu Kwashewa

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a garinmu ya sani. Ko a kasuwar Kwaya, inda nake kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, an san bakina. Amma a shekarar da ruwa ya ci mu na ga abin da baki ba ya gyarawa, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu, nake zaune da ƙanena da matarsa da 'yarsu. Yarinyar ba ta daɗe da yaye ba. 'Yar fari ce, don haka uwarta ba ta kama sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, sai dai ta ce "waccan" ko "'yar taku". Ni ce mai goyo, ni ce mai wanka, ni ce mai faɗa in ta tsoma hannu a cikin tunkuza. Amma ina kallon uwar. In ta ɗauka ba mai ganinta, sai ta gyara wa yarinyar kitso da sauri, ta ture ta kamar ba ita ta yi ba.

Ruwan ya yi kwanaki yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Rannan da hantsi ya ɗan tsagaita, muka fito muna kwashe ruwa daga tsakar gida da ƙwarya. Yarinyar tana barci a ɗakin uwarta. Ko ƙara mai ƙarfi ba mu ji ba, wallahi. Wani irin nishi kawai bangon ya yi, muka waiwaya, babu ɗaki. Maza suka tona da hannu da fartanya suka ciro ta. Kafin la'asar an kai ta makwanci.

Uwar ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ina za ta yi, ga surukai, ga mutanen gari, ga kunyar 'yar fari? Ni ce na yi ta birgima a cikin taɓo, ita tana zaune ta rufe kai da zane.

A garinmu in ɗaki ya faɗi, ƙasarsa ake jiƙawa a sake buga tubali da ita. Amma in a kan mutum ya faɗi, ba a ƙara gini da ita. Washegari maƙwabta ke taruwa da amalanken jaki su kwashe ta kaf, a kai bayan gari a zubar, don kada masu gida su riƙa buɗe ido a kanta. Haka muka taso muka gani. Da safe kuwa har an fara ɗaura jakuna, sai ga ɗan aiken mai gari. Ya ce saƙo ya zo daga meri, ofishin magajin gari: kada kowa ya taɓa abin da ya rushe. Manya za su zo su gani da idonsu, su ɗauki hoto, gwamnati za ta kawo taimako. Wanda ya kwashe nasa, babu shi a ciki.

Na ce, "Kai, tafi can! Hoton me? Kabarin bai ishe su shaida ba?"

Ya ce, "Inna, ni aiko ni aka yi."

Na juya kan ƙanena, na ce a kwashe ko sun ƙi ko sun so. Rumbunmu ma ya faɗi, hatsin ya ruɓe, gonar kuma tana ƙarƙashin ruwa. Sai ya ce, "Yaya, in na kwashe, me za mu ci? Kwana kaɗan ne, za su zo." Maƙwabta suka kwance jakunansu suka watse.

Matar ƙanena ta dawo ɗakina da kwana. Ƙofar ɗakin nan kuwa tana kallon tarin ƙasar, ba yadda za ka fito ka ƙi ganinsa. Na rataya tsohuwar tabarma a tsakani, sai in tarar ta ɗage gefenta. Tana zama a bakin ƙofa tun safe, hannu a kan gwiwa. In kaji suka hau tarin suna tono, nan ne kawai za ka ga ta tashi, ta kore su, ta dawo ta zauna. Akwai ɗan geron da ke cikin tukunya a ɗakin da ya faɗi, shi ma ya tsiro ta cikin ƙasar, kore shar, abin takaici. Tuwo in na kai mata, loma biyu ta ture. Yarinya mai jiki, na ga wuyanta ya zama kamar kara.

Wata rana ina tuƙa tunkuza ta ce, a hankali, "Yaya, ki ce masa ya kwashe. In ba a kwashe ba, ba zan iya zaman gidan nan ba."

Na faɗa masa. Ya ce mako mai zuwa, an ce manyan suna garin Sassumbrum. Mako ya zo, aka ce hanya ce ta lalace. Wani makon aka ce babu mai a mota. Rannan raina ya ɓaci, na ɗauki fartanya da kaina na hau tarin. Ƙanena ya rugo ya riƙe ƙotar. Ban taɓa ganin hawayensa ba tun yana yaro sai rannan. Ya ce, "Yaya, don Allah. Mun riga mun jira har haka, kada ya zama a banza." Na jefar da fartanyar, na zage shi, na zagi meri, na zagi ruwan ma, Allah ya yafe mini.

Sai da damina ta ɗauke suka zo, cikin farar mota. Ba zan yi musu ƙarya ba, ba su wulaƙanta mu ba. Wanda ya shigo gidanmu saurayi ne mai ladabi, ya cire takalmi, ya yi mana ta'aziyya, idonsa duk gajiya. Ya ce garuruwan suna da yawa, su kuma kaɗan ne. Sannan ya ce ko uwar yarinyar za ta ɗan tsaya a gaban tarin. Na buɗe baki zan sauke masa kwandon masifa, sai na ga ta miƙe. Ta je ta tsaya, ta sunkuyar da kai. Ya ɗaga waya, ya sauke. Shi ke nan. Duk jiran da muka yi, ko ruwan shayi ba zai tafasa ba a tsawon zamansu.

Washegari ta ɗaure ƙullinta, ta ce za ta je garinsu Waca ganin gida. Ba wanda ya hana ta.

Taimakon ya iso bayan kaka: buhun shinkafa, tabarma, bargo, da tol, kwanon rufin ɗaki. Mun ci shinkafar, mun gode, ta riƙe mu. Amma a lokacin mazan gari duk sun tafi ci-rani, don babu abin da aka girba. Jakunan da aka ɗaura rannan yawanci an sayar da su, har da na ƙanena. Wa zai kwashe ƙasa? Wa zai ɗebo sabuwa daga bakin kududdufi? Ga sanyi ya shigo, ga surukansa sun aiko cewa za ta dawo in ya yi mata ɗaki. Wata safiya na fito na tarar yana zuba ruwa a kan tarin yana tattakawa. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Bai ɗago kai ba. Daga baya na ɗauki tulu na taya shi ɗebo ruwa, don ba ni da wata ƙasar da zan ba shi.

Ɗakin ya yi kyau, ba laifi. Ya canza masa wuri, ya juya ƙofar gabas, tol yana ƙyalli a sama. Muka share filin tsohon ɗakin fes, muka shimfiɗa sabuwar tabarma a cikin sabon.

Ta dawo ranar kasuwa, a bayan babur ɗin wanta. Ta ɗan yi jiki, har na ji sanyi a raina. Ta gaishe mu, ta dubi inda tarin yake a da, ta ga fili, ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta nufi sabon ɗakin da ƙullinta a hannu. A bakin ƙofa ta tsaya. Ta daɗe tana kallon bangon, ban san abin da ta gani ba. Ta ce, "Yaya, da wace ƙasa aka yi shi?"

Ni mai baki, sai na kau da kai ina gyara ɗaurin zanena. Ƙanena ya dubi ƙafafunsa.

Ta ajiye ƙullin, ta ɗora tafin hannunta a bangon, ta jingina kuncinta da shi. Sai ta kira sunan yarinyar, a fili, a gabanmu duka. Tun da aka raɗa sunan nan ban taɓa jin sa a bakinta ba sai rannan. Ta sake kira, kamar mai tashin yaro daga barci. Wanta bai ma kashe babur ba tukuna. Ta ɗauki ƙullinta ta koma ta hau.

Ɗakin yana nan, ko ɗigo ba ya yi da damina. Ba wanda ya taɓa kwana a ciki.